Shari'ar Shakman: Yadda Birnin Shikago Ya Shekara 45 Yana Fama da Ɗaukar Aiki na Alfarma

A tsakiyar shekarar 2006, masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka suka baje wani dogon jeri a gaban wata kotu da ke Shikago. Sunaye ne fiye da 5,700, kuma daga wani ofishi da ke ƙarƙashin magajin gari aka samo su. Kowane layi yana ɗauke da sunan mai neman aiki, da aikin da yake so, da sunan wanda ya tsaya masa, ko dai kansila, ko jagoran 'yan kamfe, ko wani babba a ƙungiyar ƙwadago. Ayyukan kuwa ba na manya ba ne. Direban babbar mota, lebura, mai gyaran bututun ruwa, kafinta, mai duba gine-gine. Irin ayyukan da doka ta ce a tallata su, a kira mutane intabiyu, a ba wanda ya fi cancanta.

A lokacin da aka nuna wannan jeri, birnin ya riga ya shekara 23 ƙarƙashin umarnin kotu wanda ya haramta sa siyasa cikin ɗaukar ƙananan ma'aikata, umarnin da ya fito daga ƙarar da wani lauya mai suna Michael Shakman ya shigar. Doka tana nan, fom yana nan, kwamitin intabiyu yana zama, jami'ai suna sa hannu suna shaida cewa ba ruwan siyasa. Amma duk da haka, an gama raba aiki tun kafin a buɗe ƙofar ɗakin intabiyu. Wannan shi ya sa na ga lamarin Shikago ya cancanci a bi shi daki-daki. Ya nuna ƙarara inda ɓarnar take komawa idan an hana ta fitowa fili.

Tsarin da Shakman ya tarar

Amurka ta daɗe da sanin wannan cuta. A 1881 wani mutum mai suna Charles Guiteau, wanda ya nemi muƙami bai samu ba, ya harbe Shugaba James Garfield. Bayan shekara biyu, a 1883, majalisar ƙasar ta kafa dokar Pendleton, wadda ta fara ɗora aikin gwamnatin tarayya kan jarrabawa da cancanta. Shikago ma ta karɓi nata tsarin aikin gwamnati a 1895. To amma 'yan siyasar birnin ba su daɗe ba suka gano mafita. Sai a ƙi shirya jarrabawa, a ɗauki mutum a matsayin ma'aikacin wucin gadi, a yi ta sabunta masa takarda shekara da shekaru. Ma'aikacin wucin gadi ba shi da kariyar doka. Ran da ya saɓa wa ubangidansa, ran nan aikinsa ya ƙare.

A zamanin Richard J. Daley, wanda ya riƙe kujerar magajin gari daga 1955 har ya rasu a 1976, tsarin ya kai ƙololuwa. Daley shi ne magajin gari, kuma shi ne shugaban jam'iyyar Dimokurat na yankin Cook, wanda Shikago ke cikinsa. Birnin yana da mazaɓu 50, kowace da shugaban jam'iyyarta, kuma kowane shugaba yana da kasonsa na guraben aiki. A ƙarƙashinsa akwai wakilan akwati, waɗanda da yawansu ma'aikatan birni ne ko na yankin. Da rana mutum yana kan motar shara ko a ofishin ruwa. Da yamma yana bi gida-gida yana neman ƙuri'a, yana sayar da tikitin walimar tara wa jam'iyya kuɗi, ranar zaɓe kuma ya kwaso mutane zuwa rumfa. Idan akwatinsa ya kawo ƙuri'a, ƙarin girma na nan tafe. Idan akwatin ya faɗi, sai ya fara tunanin inda zai nemi abinci. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abner Mikva, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar tarayya kuma alƙali, ya sha ba da labarin abin da ya same shi a 1948 yana ɗalibin lauya. Ya shiga ofishin jam'iyya na wata mazaɓa don ya yi aikin sa kai a kamfe. Shugaban mazaɓar ya tambaye shi wa ya aiko shi. Ya ce ba kowa. Mutumin ya ce masa su ba sa bukatar wanda ba wanda ya aiko shi. Wannan amsa ta zama karin magana a siyasar birnin, don ta faɗi gaskiyar tsarin a taƙaice. Mutumin da ya zo da ƙafarsa, ba wanda yake bi bashi, ba wanda zai iya juya shi.

A 1969 wani matashin lauya, Michael Shakman, ya tsaya takarar wakilci a taron rubuta sabon tsarin mulkin jihar Ilinoi, wadda Shikago ke cikinta, ba tare da goyon bayan jam'iyya ba. Bai ci zaɓen ba, amma a wannan shekarar shi da wani mai goyon bayansa, Paul Lurie, suka kai jam'iyyar Dimokurat ta yankin Cook ƙara a kotun tarayya. Hujjarsu ita ce ta bambanta wannan shari'a da sauran. Shakman ba korarren ma'aikaci ba ne. Ɗan takara ne, kuma mai biyan haraji. Cewa ya yi ana ɗibar kuɗin harajinsa ana biyan albashin dubban mutane, sannan a tilasta musu su yi wa abokin hamayyarsa kamfe, don haka an tauye masa haƙƙinsa shi da masu zaɓensa. Kotun farko ta yi watsi da ƙarar, amma a 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita.

Daga nan abubuwa suka zo mataki-mataki. A 1972 aka cimma yarjejeniya wadda kotu ta sa wa hannu, ta haramta korar ma'aikaci ko rage masa matsayi ko takura masa saboda siyasa. Wannan ya kare wanda ya riga ya shiga, amma ƙofar shigar tana hannun 'yan siyasa. A 1979 Alƙali Nicholas Bua ya yanke hukunci cewa ɗaukar aiki bisa siyasa ma ya saɓa wa tsarin mulki. A 1983 Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shikago, ya amince da yarjejeniya ta biyu wadda ta shafi ɗaukar aikin kansa. An ware wasu muƙamai ƙalilan na masu tsara manufofi da na hannun daman magajin gari, waɗanda aka yarda ya naɗa wanda ya ga dama. Duk sauran, siyasa ta haramta a cikinsu.

Kotun Ƙolin Amurka ma ta bi wannan hanya, kuma biyu daga manyan hukunce-hukuncenta daga Ilinoi suka taso. A shari'ar Elrod da Burns ta 1976 ta hana korar ƙananan ma'aikata don ba 'yan jam'iyyar sabon shugaba ba ne. A shari'ar Rutan ta 1990, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka faɗaɗa hanin ya haɗa da ɗauka da ƙarin girma da sauyin wurin aiki. Ta fuskar doka dai, zuwa 1990 ba sauran wata kafa.

Abin da ke faruwa a bayan fom

Richard M. Daley, ɗan tsohon magajin gari, ya hau kujerar a 1989. Gwamnatinsa ta yi ta cewa zamanin rabon aiki ya wuce, har a 2002 ta roƙi kotu ta soke yarjejeniyar 1983. Asirin ya tonu ne ta wata hanya dabam. A watan Janairun 2004 jaridar Chicago Sun-Times ta bankaɗo shirin hayar manyan motoci, inda birnin ke kashe kusan dala miliyan 40 a shekara yana hayar motocin 'yan kasuwa, da yawa daga cikinsu kuma suna ajiye ba aikin fari ba na baƙi. Masu bincike na tarayya, ƙarƙashin babban mai gabatar da ƙara Patrick Fitzgerald, suka shiga neman masu karɓar cin hanci. Da suka kama wasu jami'ai, irin su Donald Tomczak na sashen ruwa, sai suka tarar da wani abin da ya fi cin hancin girma. Jami'an suna da rundunonin ma'aikata da suke turawa kamfe, kuma ana saka wa waɗannan ma'aikata da aiki da ƙarin girma da kuɗin aikin bayan lokaci.

Zaren ya kai su ofishin magajin gari mai kula da hulɗa da sauran hukumomi. A takarda, wannan ofishi ba shi da ta cewa a ɗaukar lebura ko direba. A aikace, nan ne ake yanke komai. Wani jami'i mai suna Robert Sorich, ɗan unguwar Bridgeport inda gidan Daley ya samo asali, shi ne ke karɓar sunaye daga jagororin 'yan kamfe. Bayan zaɓe jagora zai zo da jerin yaransa, ya jera su bisa ƙoƙarin da kowa ya yi. Idan gurbi ya buɗe a sashen tsaftar tituna ko na ruwa ko na magudanai, sai a aika wa shugaban kula da ma'aikata na sashen sunayen waɗanda aka zaɓa. A tsakaninsu suna kiran wannan takarda jerin masu albarka.

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, don nan ne zuciyar lamarin take. Ba a daina tallata aiki ba. Ba a daina intabiyu ba. Mutane suna zuwa da takardunsu, su zauna a layi, a kira su ɗaya bayan ɗaya, a yi musu tambayoyi. Sai dai fom ɗin ba da maki ne ake wasa da shi. Jami'an kula da ma'aikata da suka ba da shaida a kotu sun bayyana yadda ake yi. Wani lokaci masu intabiyu su bar gurbin maki fayau, daga baya a cike shi yadda sunayen da aka aiko za su fito a sama. Wani lokaci a sauya makin da aka riga aka rubuta. Wanda ya fi kowa iya aikin sai a rage masa maki don kada ya tsallake ɗan alfarma. Bayan an gama, jami'i ya ɗauki biro ya sa hannu a takardar shaida cewa siyasa ba ta shiga wannan ɗauka ba. Duk mai binciken da ya zo ya buɗe fayil zai tarar da komai tsaf: talla, jerin masu nema, maki, sa hannu.

Wasu misalan da masu gabatar da ƙara suka kawo sun nuna yadda abin ya zama ba a ma ɓoye shi da kyau. Akwai wanda sunansa ya fito cikin waɗanda suka yi nasara alhali ya rasu kafin ranar intabiyu. Akwai wanda aka rubuta masa maki mai kyau a ranar da yake bakin aikin soja a Iraƙi. A 2004 kuma an ɗauki wani yaro ɗan shekara 19, ɗan wani jami'in ƙungiyar kafintoci, a matsayin mai duba ingancin gine-gine, sai da jaridu suka yi ca sannan ya ajiye aikin. Wannan ya zo ne shekara guda bayan wani baranda ya rufta a birnin a watan Yunin 2003, mutum 13 suka mutu. Ba wanda ya ce yaron ne ya jawo wancan hatsari, amma duk wanda ya haɗa labaran biyu ya san abin da ake sakawa cikin haɗari idan aka mai da aikin duba gini ladan siyasa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da bai san komai ba. Direba ne mai shekaru yana tuƙi, ya ga talla, ya cike fom, ya nemi izini a wurin aikinsa na yanzu, ya yi shiri, ya amsa tambayoyi iya ƙoƙarinsa. Bayan makonni a ce masa bai samu ba. Zai koma gida yana tuhumar kansa, yana tunanin wace tambaya ce ya kasa. A tsohon tsarin Daley uba, aƙalla an gaya wa Mikva gaskiya a fuskarsa. A sabon tsarin, an yi amfani da wannan direba ne don a cika fayil. Halartarsa ita ce ta sa ɗaukar ta yi kama da ta gaskiya. Wannan zalunci biyu ne: an hana shi aiki, sannan an sa shi shaidar zur ba da saninsa ba.

An gurfanar da Sorich a watan Yulin 2005. A watan Yulin 2006 kotu ta same shi da laifin zamba, shi da Timothy McCarthy da Patrick Slattery, an kuma samu John Sullivan da laifin yi wa jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ƙarya. Alƙali David Coar ya ɗaure Sorich wata 46. Lauyoyinsa sun dage kan magana ɗaya, cewa bai sa ko sisi a aljihunsa ba, kuma ba a nuna ya karɓi cin hanci ba. Kotun ɗaukaka ƙara a 2008 ba ta karɓi wannan uzuri ba. Aikin gwamnati da albashinsa dukiyar jama'a ce, wanda ya ba da ita ta hanyar maguɗi ya cuci birnin ko da wani ne ya amfana. Daga baya aka samu Al Sanchez, tsohon kwamishinan tsaftar tituna kuma jigo a wata ƙungiyar siyasa ta 'yan asalin Latin Amurka, da irin wannan laifi. Shi kuwa magajin gari, masu bincike sun yi masa tambayoyi a 2005, amma ba a taɓa tuhumarsa da komai ba, kuma ya ci gaba da mulki har 2011.

Hujjar masu kare tsarin

Bai kamata a yi kamar tsarin ba shi da masu kare shi da zuciya ɗaya ba. Alƙali Antonin Scalia na Kotun Ƙoli, a ra'ayinsa na rashin amincewa da hukuncin Rutan, ya ce rabon aiki yana ƙarfafa jam'iyyu, kuma ya taɓa zama tsani ga baƙin haure da marasa galihu su shiga harkar mulki. Akwai gaskiya a ciki. 'Yan asalin Ayalan da Folan da Italiya da yawa ta wannan ƙofa suka samu albashi na farko mai tabbas. A 1983 ma wasu magoya bayan Harold Washington sun ji zafin cewa sai da layi ya zo kansu sannan aka ce an rufe rabo. Akwai kuma masu cewa wakilin akwati ya san kowane gida a layinsa, idan fitilar titi ta mutu ko ba a kwashe shara ba shi ake kira, ya sa a gyara.

Na ɗauki wannan hujja da muhimmanci, amma ban yarda da ita ba. Tsanin da ake magana a kai, mai riƙe da shi ne ke zaɓar wanda zai hau. Baƙaƙen fatan Shikago sun shekara da shekaru suna ba jam'iyyar ƙuri'a, amma mafi yawan abin da suke samu ƙananan gurabe ne, manyan kuwa suna wasu unguwanni. Gyaran fitila da kwashe shara kuma haƙƙin mai biyan haraji ne. Ranar da suka zama alheri da wakilin jam'iyya ke yi wa mutum, unguwar da ta zaɓi ɗan adawa ta shiga uku. Sannan akwai abin da Shakman ya gani tun 1969: dubban ma'aikata da ake biya da kuɗin kowa suna yi wa ɓangare ɗaya kamfe. Zaɓen da aka yi a haka, tun kafin a fara an ba wani rata.

Mai sa ido

A watan Agustan 2005, 'yan makonni bayan gurfanar da Sorich, Alƙali Wayne Andersen ya naɗa wata lauya, Noelle Brennan, ta zama mai sa ido kan ɗaukar ma'aikata a birnin. A ganina wannan naɗi ya fi duk hukunce-hukuncen da suka gabace shi tasiri, kuma dalilin a bayyane yake. Tun 1983 ana dogara ne da birnin ya shaidi kansa. Jami'in da ya yi maguɗin shi ne mai sa hannu cewa ba a yi ba. Brennan kuwa ba magajin gari ne ya ɗauke ta ba, ba shi zai kore ta ba, alƙali take kai wa rahoto. Ita da ma'aikatanta suna da ikon buɗe fayil, su zauna cikin ɗakin intabiyu, su ji koken wanda aka hana aiki, su kwatanta maki da abin da ya faru a zahiri.

Rahotanninta sun nuna cewa ɓarnar ba ta mutu da ɗaure mutum huɗu ba, wuri take sauyawa. Idan an tsaurara ƙofar ɗauka, sai a shigo da mutum ta hannun ɗan kwangila, yana zaune a ofishin birni yana aikin ma'aikaci amma sunansa ba ya cikin rajista. Ko a ba ɗan gida riƙon ƙwarya na babban matsayi, ya daɗe a kai yana karɓar albashin wurin, ran da aka tallata gurbin kuma a ce ai shi ya fi kowa ƙwarewa. Ko a rubuta sharuɗɗan aiki daidai da takardun mutum ɗaya. Kowace dabara sai da aka gano ta, aka rubuta mata ƙa'ida, aka sa mai bibiya.

A 2007 birnin ya amince da sabuwar yarjejeniya, ya ware dala miliyan 12 don biyan diyya ga waɗanda aka cuta. Kusan mutum 1,400 suka samu wani abu, kuma ba wanda aka yarda ya wuce dala 100,000. Idan aka raba kuɗin daidai, kason kowa bai kai dala 9,000 ba. Ga mutumin da aka hana ƙarin girma shekara goma, wanda hakan ya shafi albashinsa da fanshonsa, wannan bai kama ƙafar asarar da ya yi ba. Waɗanda ba su taɓa sanin an cuce su ba kuwa, ba su ma nema ba.

Sabon tsarin ɗaukar da aka gina a hankali ba shi da wani abin al'ajabi. Neman aiki ya koma ta intanet, yadda kowace takarda ke da lokacin shigarta. Sashen kula da ma'aikata na tsakiya ne ke tace waɗanda suka cika sharaɗi kafin sunaye su isa sashen da ke neman mutum. A ayyukan da ba sa bukatar wata ƙwarewa ta musamman, inda ɗaruruwa suka cancanta daidai wa daida, ana barin kwamfuta ta jera sunaye ta hanyar canki-canka, don intabiyu a irin wannan aiki ba abin da yake aunawa sai ra'ayin mai yin sa. Idan wani zaɓaɓɓen ɗan siyasa ya tuntuɓi jami'i a kan wani mai nema, dole a rubuta a kai rahoto. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana da hikima. Ba a hana kansila ya yaba wa wanda ya san aikinsa ba, amma ya san maganarsa za ta shiga rajista da sunansa, kuma wani zai karanta.

Tsarin yana da nasa nauyi, kuma shugabannin sassa sun yi ta kuka da shi. Cike gurbi ɗaya yana iya cin watanni. Shugaba nagari da ya san ma'aikaci mai ƙwazo ba ya iya ɗaga shi kai tsaye, sai ya bi dogon layi. Kuɗin lauyoyi da na mai sa ido, miliyoyin daloli, daga aljihun masu biyan haraji suka fito. Waɗannan koke-koke na gaskiya ne, kuma duk hukumar da za ta bi wannan hanya ta san za ta biya wannan farashi. Sai dai jinkirin ya samo asali ne daga shekarun da aka ba jami'ai amana suka ci. Kowane mataki da ake ƙorafi a kansa, an ƙara shi ne bayan an kama wani yana bi ta wurin.

Rahm Emanuel ya gaji Daley a 2011, kuma ya sa fita daga hannun kotu cikin manufofinsa. Sharaɗin da aka gindaya shi ne birnin ya nuna yana da nasa mai sa ido na cikin gida wanda zai iya aikin da Brennan ke yi. Aka miƙa wannan nauyi ga ofishin Sufeto Janar na birnin, wanda Joseph Ferguson ke jagoranta a lokacin, aka ba shi sashe na musamman mai binciken ɗaukar aiki da buga rahoto a kai a kai. An kuma hukunta wasu jami'an da sunansu ya fito a maguɗin baya waɗanda har lokacin suna bakin aiki. A ranar 16 ga Yunin 2014, Alƙali Sidney Schenkier ya yanke cewa birnin ya cika sharuɗɗa gwargwadon da ake bukata, ya sallame shi. Shakman kansa, wanda ya shigar da ƙarar yana matashi, yana raye kuma bai yi jayayya da sallamar ba.

Sauran hukumomin da ƙarar ta shafa kowace ta bi nata lokacin. Gwamnatin yankin Cook ta fita a 2018, ofishin gwamnan Ilinoi kuma kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2022. A birnin Shikago yanzu, aikin da alƙalin tarayya ya riƙe yana hannun Sufeto Janar, wanda magajin gari ke naɗawa da amincewar majalisar birni, na wa'adin shekara huɗu, kuma kasafin kuɗin ofishinsa daga asusun birnin yake fitowa.